Ruwan Zafi a Gida na Tara

Sunana Ray Bugeja. Gyaran famfo da shimfiɗa bututu ne sana'ata, kuma gadonta na yi wurin mahaifina, wanda ya zo ƙasar nan daga Malta da akwatin kayan aiki guda da mata mai tsohon ciki. A shekarar da na cika arba'in da huɗu, cikin watan Afrilu, sanyi ya fara leƙowa, na samu aikin da ya fi duk wanda na taɓa yi girma: sauya bututun ruwan Asibitin Marrandool tun daga bakin ƙofa har ƙarshen katanga.

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san Marrandool. Asibitin masu taɓin hankali ne na gwamnatin jiha, yana kan tudu bayan layin dogo, gine-ginen jan dutse warwatse cikin manyan itatuwan turare, da doguwar hasumiya mai agogon da ya tsaya tun ina firamare. Da shi iyayenmu mata suke yi mana barazana: ka ci gaba da wannan shirmen, tudu za a kai ka. An ce a zamanin da yake tashe mutum dubu da ɗari biyu ke kwana a cikinsa. Lokacin da na je ba su kai ɗari biyu ba, yawancinsu tsofaffi ne da 'yan uwansu suka daɗe da shafe su a lissafi.

Gwamnati ta ce gini ne mai tarihi, ba za a bari ya rushe ba. Za a sake rufi, a sake wayoyin lantarki, a sake ruwa. Wani babban kamfani na birni ya samu kwangilar, ya yanko mini ɓangaren ruwa. Injiniyan da suka turo shi ne Gavin Hollitt, mutum mai fara'a da tsaftataccen takalmi, wanda in yana magana da kai idonsa na kan agogon hannunsa. Ya miƙo mini taswirar bututun wurin ya ce, "Bi wannan kawai, ba za ka ɓata ba."

Kwana uku na bi ta. A rana ta huɗu da hantsi, haƙorin motar haƙa ya fasa wani bututu mai kaurin cinyata, a wurin da taswira ta rantse babu komai sai ƙasa. Ruwa ya yi tsiri sama ya fi tsayin mutum biyu, sannan ya gangara ya nufi ƙofar kicin. Muka rufe duk makunnin ruwan da muka sani, ko gezau bai yi ba. Masu girki suka fito suna surfa mana ashar, Hollitt yana tsalle daga wannan busasshen wuri zuwa wancan da waya a kunne.

A jikin shingen da muka kewaye wurin aiki da shi akwai wani tsoho tsaye, dogo, siriri, da tsohuwar kwat a kan kayan barci. Ya ɗaga murya ya ce, "Ba nan ba ne."

Babu wanda ya kula shi.

"Na ce ba nan ba ne. Wannan daga tankin tudu yake saukowa. Makunninsa na bayan coci, ƙarƙashin benci."

Hollitt ya ce, "Don Allah wani ya mai da bawan Allan nan ɗakinsa."

Sai da muka ƙara rabin awa muna dambe da laka, sannan na ce a raina, me zan rasa? Na ɗauki shebur na zagaya bayan ɗan cocin asibitin. Ga benci kuwa. Na ture shi, ban haƙa kamu guda ba shebur ya daki ƙarfe. Murfi ne, a ƙarƙashinsa makunni mai tsatsa. Ina cikin kokawa da shi sai na ji murya a bayana.

"Ɗaya ɓangaren za ka murɗa. Makunnan maigidana Dunstan duk a juye suke. Kai wa ya koya maka aiki?"

"Ubana."

"To koma ya ƙarasa maka."

"Ya mutu."

"Shi ke nan, ni zan ƙarasa."

Na murɗa yadda ya ce. Can ƙasa ihun masu girki ya fara lafawa. Haka na san Clarrie Voss.

Tarihinsa a bakin Sista Merle Tuckwell na ji shi, nas ɗin da ke riƙe da Gida na Tara, inda Clarrie da wasu maza ashirin da uku ke zaune. Mace ce gajeriya, kakkaura, wadda ba ta kwana da magana a ciki, ta yi shekara ashirin da shida a tudun. Ta ce Clarrie yana ɗan sha bakwai ubansa ya kawo shi daga gonar tumakinsu can yamma, saboda farfaɗiya. Ya ce zai dawo ɗaukarsa in an gama askin tumaki. Ba a sake ganinsa ba. Farfaɗiyar ta rabu da Clarrie tun bai kai talatin ba, amma a lokacin babu mai neman sa, shi ma ya daina tambaya. An haɗa shi da mai gyaran famfon asibitin, wani Mista Dunstan, ya yi shekara ashirin da biyu yana bin sa da diga, ladansa ƙunshin taba ɗaya a mako. Daga baya aka yi doka cewa sa majinyaci aiki zalunci ne. Aka karɓe digar, aka ba shi kujera a gaban talabijin.

"Shekara ashirin da ɗaya ke nan yana hutawa," in ji Sista Merle. "Tausayin gwamnati ne. Ba ka ga yadda ya yi ƙiba ba?"

Na ce ta ba ni aronsa na 'yan makonni.

"Aro? Shi baro ne? Yana da baki, je ka tambaye shi."

Na tambaye shi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce sai dai in za a ba shi hular kwano, fara, irin ta injiniya. Na ba shi tawa.

Da na gaya wa Hollitt, sai ya ja ni gefe. "Ray, a takarda ban ji wannan maganar ba. Inshora ba ta yarda majinyaci ya taka wurin aiki ba. In wani abu ya same shi, kai ka shigo da shi."

"Wato kada in shigo da shi?"

"Ni dai ina so a gama kafin Oktoba."

Tun daga ranar, ƙarfe takwas bayan an raba magani, Clarrie yake saukowa daga Gida na Tara da hula a kai, hannuwa goye a baya. Yana tafe ina biye da gwangwanin shuɗin fenti. Inda ya buga ƙafa, nan zan fesa. Zai ce wannan na ƙarfe ne, an shimfiɗa shi shekarar fari, zurfinsa iya ƙugu. Wancan na darma ne, kada ka taɓa shi, a mace yake. In ya yi shakka sai ya karɓi dogon sukundirebata, ya kafa bakinsa a kan murfin ƙarfe, ya manna kunne a ƙotar, ya daka wa kowa tsawa a yi shiru. Ƙattin maza bakwai da motar haƙa sai su yi tsit, ana jiran majinyaci ya gama sauraron ruwa. A cikin mako shida sau ɗaya kawai ya yi kuskure, shi ma da taku biyu, kuma ya wuni yana zargin itacen da ke wurin cewa shi ya matsa.

Ɗan Malta yake ce mini, ni kuma in ce masa tsoho. Hollitt kuwa da likitoci da duk mai ɗaure wuya, yallaɓai ne, yana faɗa yana kallon ƙasa. Lokacin hutun shayi muna zama a bayan motata. Matata Doris ta fara ƙara yawan pastizzi, ɗan burodin Malta mai cuku a ciki, da take gasa mini, don na ba ta labarinsa. Ranar farko ya juya guda a hannu ya ce, "Wannan ne abincinku? Dole ku gudo daga ƙasarku." Ya ci huɗu.

Da yamma in na koma gida sai in zauna a teburin kicin in zana duk abin da ya nuna mini. Sannu a hankali taswira ta gaskiya ta fito, ta farko da wurin ya taɓa samu.

Wata safiya cikin Mayu ya ce, "Ɗan Malta, zo ka ga wani abu." Ya kai ni banɗakin Gida na Tara. Shawa shida ne a jere, babu labule, ƙasa siminti, tagar sama a fashe an toshe ta da kwali. Ya kunna ɗaya ya ce in sa hannu. Ruwan da ɗan ɗumi kamar miyau. Kafin in ƙirga hamsin ya koma ƙanƙara.

"Shekara shida ke nan," in ji shi. "Mutum uku na farko ne ke samun ɗumin. Kuma da jerin baƙaƙen suna ake kira. Adams ya ji daɗin duniya. Ni Voss ne, bayana mutum ɗaya ne kawai, shi kuwa ba ya bambance zafi da sanyi. In Yuli ya zo ka leƙo ka ga tsofaffi tsirara a layi, haƙora na kaɗawa, ga waɗanda ke da haƙoran."

"Ba a kai ƙara ba?"

"Sista ta rubuta har biro ya ƙare." Ya kashe famfon. "Sabon layin nan na ruwan zafi da kake ja daga sabon injin dafa ruwa, zai zo nan?"

Na san amsar, don na gani a zanen aikin: jan layi ya taso daga ɗakin injin ya shiga Gida na Tara. Na ce, "Zai zo."

"Rantse."

"Na rantse da kabarin ubana."

Da rana na ji shi yana gaya wa wani tsoho mai keken guragu, da ƙarfi don kurma ne, cewa bana ba za su yi wankan sanyi ba, shi da Ɗan Malta suna kan aikin.

A farkon Yuni Hollitt ya ba ni kashi na biyu na zanen, na cikin gine-gine. Ina zaune a mota da kofin shayi na buɗe shafin Gida na Tara. Na duba na sake dubawa. Babu shawa ko ɗaya. Inda gadaje suke an rubuta ofis, ofis, ofis, ɗakin taro. Banɗakin ya zama ɗan kicin da bayi biyu. Na fita na same shi a ƙarƙashin hasumiya yana kallon masu gyaran agogo.

Ya ce, "Ma'aikatan hukumar lafiya ta yanki ne za su dawo nan. Ginin ya fi kowanne kyau, tagoginsa na kallon kogi. Su kuma mazaunan za a rarraba su ƙananan gidaje, su zauna cikin mutane kamar kowa. Zamani ya sauya, Ray, alheri ne gare su."

"Sun sani?"

"Ko ma'aikatan ba a sanar da su ba tukuna. Ka riƙe bakinka, ba hurumimmu ba ne."

A nan ne zan faɗi nawa laifin, don ba Hollitt ne ya rantse da kabarin ubansa ba. Aiki ɗaya ya rage mini mai wuya: tsohuwar magudanar ƙazanta ta bulo, wadda ta bi ta ƙarƙashin ɗakin wanki da Gida na Huɗu, gidan mata. Babu wanda ya san inda ta karkata, da inda rassanta suka haɗu, sai mutum ɗaya. In babu shi, sai in yi wata biyu ina tonon lalube. Na gaya wa Doris komai a kan abincin yamma. Ta ajiye cokali ta ce, "Gobe ka gaya masa."

"In mun gama magudanar."

"Ray."

"Na ce in mun gama."

Mako uku ina shan shayi da shi, ina dariyar zolayarsa, ina fesa fenti inda ya buga ƙafa. Ruwan sama ya yi ta jinkirta mu, ba mu kai ga magudanar ba. Shi kuwa kullum sai ya tambaya, "Yaushe za mu hau Tara?" In ce masa saura kaɗan, tsoho.

Hollitt ya matsa a ja layin Tara kafin masu siminti su zo. Na sa aikin ranar Talata, don na san ranar likita ke duba su, Clarrie ba ya fitowa sai azahar. Likita bai zo ba. Ina cikin rami a gindin bangon Gida na Tara, ina haɗa bututu, sai inuwa ta faɗo kaina.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tsuguna a bakin ramin, gwiwoyinsa na ƙara, ya miƙo hannu ya kama bututun tsakanin yatsa biyu. Bai fi kaurin babban yatsansa ba.

"Wannan na ina ne?"

"Na nan ne."

"Ina babban?"

Na ci gaba da ɗaure bututun.

"Ɗan Malta, wannan ba na wankan mutum ashirin da huɗu ba ne. Wannan na wanke kofin shayi ne." Ya saki bututun. "Kofin wa?"

Na fito daga ramin na gaya masa. Ban ɓoye komai ba, sai dai bakina ya yi ta kawo maganganun Hollitt, ƙananan gidaje, cikin mutane, zamani. Ya bar ni na gama.

"Tun yaushe ka sani?"

"Mako uku."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin burodi. Bai yi ihu ba, bai zage ni ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya cire hular kwanon, ya goge lakar da ke bakinta da hannun kwat ɗinsa, ya ɗora ta a kan tarin bututu. Ya kalli ƙasa ya ce, "Na gode, yallaɓai." Ya hau matakala ya shige.

Ba a yi minti goma ba Sista Merle ta fito kamar an harbo ta. A gaban ma'aikatana duka ta tsaya. "Gaskiya ne abin da ya ce?"

"Gaskiya ne, Sista."

"Shekara ashirin da shida ina goge kashin mutanen nan, sai a bakin majinyaci zan ji an sayar da gidan a kaina? Kai kuma, mai kawo masa ɗan burodi a takarda. Kare ma in ka gama farauta da shi kana jefa masa ƙashi. Kai ƙarya ka jefa masa."

"An hana ni faɗa ne."

"An hana ka shigo da shi wurin aiki ma, ai ka shigo da shi. Dokar da ta yi maka daɗi kake bi."

Ta wuce ofishin shugaban asibiti, har daga inda muke muna jiyo muryarta. Hakan bai sauya komai ba, sai dai sanarwar da za a yi a Agusta an yi ta a makon.

Clarrie bai sake saukowa ba. Na fara tonon magudanar da lalube. A rana ta biyar muka karya wani reshe da ba mu san da shi ba, ƙasa ta rufta ciki ta toshe hanya, ƙazanta ta fara dawowa ta bayin Gida na Huɗu. Wari ya cika ginin, ma'aikata suna kwashe tsofaffin mata zuwa baranda cikin sanyin Yuli. Muka yi ramuka uku, duk a banza. Na je Gida na Tara da hula a hannu. Yana kujerarsa gaban talabijin. Na yi magana, na roƙa, na ba da haƙuri. Bai ɗauke ido daga tallan sabulu ba.

Washegari da safe Sista Merle ta same ni a bakin rami ta miƙo mini takarda a ninke. Bayan takardar jerin abincin mako ce. An zana magudanar da fensir, kowace kwana, kowane reshe, da adadin taku daga bango, hannun yana rawa amma babu abin da ya ɓace.

"Ya ce in gaya maka ba don kai ba ne. Akwai mata talatin a can da ba sa iya ɗaga ƙafa daga ƙazanta."

Kafin la'asar mun buɗe hanyar.

Ranar Asabar na ɗauko wani tsohon injin dafa ruwa mai aiki da gas da ke ajiye a garejina, na hau tudu ni kaɗai, na kafa shi a bayan banɗakin Tara ba tare da izinin kowa ba. Na san ba gyara ba ne, neman sauƙin zuciyata ne. Ya yi musu aiki mako biyar. Da na tambayi Sista yaya, sai ta ce, "Mutum ashirin da uku suna wanka da ruwan zafi, har sai an jawo su daga ciki. Shi kuwa a famfon wanke hannu yake yi, da na sanyi. Ya ce ya saba."

A tsakiyar Agusta ƙananan motocin bas suka zo. Kowane mutum da jakar leda biyu da ambulan ɗin magani. Waɗanda suka yi shekara talatin gado na jikin gado aka raba su, wannan gabas wancan yamma, duk inda aka samu gurbi. Gurbin Clarrie a wata unguwar bayan birni ya faɗo, tafiyar awa uku daga nan. Ina kan rufin ɗakin wanki na hango shi yana shiga mota. Ban sauko ba. Sista Merle ta ajiye aiki a ƙarshen watan.

An buɗe wurin a Oktoba kamar yadda Hollitt ya so. An yi wa hasumiya wanka, agogo ya buga sha biyu, mutane suka yi tafi. Wani babba daga ma'aikatar lafiya ya yi jawabi a kan mutunta tarihi da mutunta ɗan Adam, aka yanka kyalle, aka raba sanwici da shayi a farfajiyar Gida na Tara, wanda yanzu yake warin sabon fenti da sabon kafet. A bangon shiga an rataye taswirar nan da na zana a teburin kicin, an sake buga ta da launi, an sa mata gilashi. A ƙasa an rubuta sunan kamfani, da G. Hollitt, da R. Bugeja da ƙananan baƙaƙe.

Na sami Hollitt da faranti a hannu na ce, "Akwai sunan da ya ɓace a nan."

"Na yi tunaninsa, Ray, wallahi na yi. Amma dokar sirrin majinyata ba ta bari a rubuta sunansa a bainar jama'a ba. Don kare mutuncinsa ne."

Ya faɗe ta da zuciya ɗaya, babu alamar ba'a. Na tsaya da kofina har shayin ya huce, sannan na ci sanwici biyu kamar kowa na tafi gida.

Sau ɗaya na ziyarci Clarrie, cikin Nuwamba, Doris ce ta tasa ni gaba. Gidan mai tsafta ne, a bakin babban titi, manyan motoci na wucewa har tagogi na kaɗawa. Maza huɗu ne a ciki da ba su taɓa sanin juna ba. Ma'aikaciyar da ta buɗe mini ƙofa mai kirki ce, makonta biyu da fara aiki, ba ta san komai game da shi ba sai abin da ke cikin fayil. Ta ce sau biyu yana ficewa a ƙafa, 'yan sanda na tsinto shi a bakin titin da ya nufi yamma, don haka aka sa wa ƙofa makulli, likita kuma ya ƙara masa magani. Na same shi a kujera, leɓensa na ƙasa a sake, hannuwansa na rawa a kan cinya. Na ba shi labarin tudu, na ce tankin ya daina yoyo, na ce agogo na aiki. Duk abin da na faɗa sai ya ce, "To." Na ajiye masa ƙunshin Doris a kan tebur. Da na waiwaya daga bakin ƙofa, wani daga cikin mazan ne ke ci.

Na ce zan koma bayan Kirsimeti. Aiki ya yi yawa, sunana ya fita saboda Marrandool, har makarantu da majalisar gari suka fara kira na. Ban koma ba.

A Yulin da ya biyo baya Sista Merle ta bugo mini waya. Ita kam duk wata tana hawa jirgin ƙasa ta je ta ga Clarrie. Ta ce ya rasu, ciwon huhu ne, kwana huɗu ya yi, jana'iza ranar Alhamis ƙarfe goma sha ɗaya, in ina da lokaci. Ta kashe kafin in ce wani abu.

Mu huɗu ne a bakin kabarin: ni, da ita, da wani ma'aikacin gidan da aka turo, da fasto. Faston yana da wata jana'izar a bayan tamu, ya yi sauri, sau biyu yana faɗin cikakken sunansa, Clarence, amma ya ce Ross maimakon Voss. A karo na biyu Sista Merle ta ɗaga murya ta ce, "Voss." Ya ba da haƙuri ya ci gaba. Ba a kai minti goma sha biyar ba aka gama.

A bakin ƙofar maƙabarta na ce mata ta zo in mai da ita gida, garinmu ɗaya, ga ruwa na tsattsafi. Ta buɗe lemarta.

"Na ji an ce hukumar ta ba ka aikin kula da ruwan tudun na din-din-din."

"Sun ba ni."

"Ka karɓa?"

"Na karɓa, Sista."

"Da ma ai kai kaɗai ka san wurin yanzu."

Ta gyara jakarta a kafaɗa ta nufi tashar bas, tana ɗingisa ƙafar hagu. Na bi ta da mota a hankali har kwanar farko, na sauke gilashi na sake yi mata magana. Ba ta juyo ba. Motocin bayana suka fara yi mini hon, sai na taka na kama hanyar gida.